Zafi Da Laima A Filin Ƙwallo

A 2014 Ingila da Italiya suka kara a Manaus, wani birni cikin kurmin Barazil. Garin akwai zafi, ga laima.

Kun san randa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta, in ya bushe, shi ke sanyaya na ciki. Haka gumi yake ga mutum. Amma in iska ta ƙoshi da laima, gumi ba ya bushewa, kamar shanya da damina. Sai jiki ya ɗau zafi, ƙafa ta yi nauyi. Baƙo daga ƙasar sanyi ya fi jigata, gama sai ya yi mako ɗaya ko biyu kafin ya saba.

Italiya ta ci 2 da 1. Amma a wasansu na gaba, dukansu biyu kashi suka sha.