Darasi: Tunawa da Ɗaliban Zariya

'Yan'uwa, a shekarar 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abinci da na makwanci a jami'o'i. Ɗalibai suka tashi a duk faɗin ƙasa, suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Hujjarsu ita ce, ɗan gata zai biya ko nawa ne, amma ɗan talaka sai dai ya koma gida. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sojoji suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka.

Bayan shekara takwas, a 1986, ɗaliban jami'ar suka yi jerin gwano domin tunawa da mamatan. Hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, rigima ta tashi. Ran 23 ga Mayu 'yan sanda suka yi harbi. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu.

Darasinmu shi ne, tunawa da wanda aka zalunta hakki ne, kuma ba ta cika sai mun ci gaba da abin da ya nema. Waɗannan matasa sun nemi kada talauci ya hana kowa karatu.

Mu tattauna bayan sujada: a Kaikai, Kankiya da Kusada, 'ya'yan su wa ke isa jami'a? Wane yaro ko yarinya rashin kuɗi ya tsayar bana, kuma me ikilisiyarmu za ta yi musu?