Tun Ran Gini, Ran Zane: Nasiha Ga Mai Son Ƙara Ɗaki

 Ɗana, gida ya cika, yara sun tasa, lokaci ya yi da za a raba wa maza da mata makwanci. Ko kuma Hajiya ce za ta dawo wurinka, kana so ta sami inda za ta miƙe ƙafa. Ƙarin ɗaki alamar albarka ce, Allah Ya ƙara buɗi. Amma kafin ka kira magini, zauna mu ɗan tattauna. Ba hana ka zan yi ba. So nake ɗakin nan ya zame maka dukiya, kada ya zame maka abin hana barci.

Na san abin da ke ranka. Gidana ne, da gumina na saya, wa kuma zan tambaya? Gaskiyarka, gidanka ne. Sai dai ƙasar da yake zaune a kai tana da nata hukunci. Tun 1978 da aka kafa dokar amfani da ƙasa, filayen kowace jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, izinin zama da amfani ce, yawanci na shekara 99. Ɗauko taka daga ƙasan akwati ka karanta a natse. Irin waɗannan takardu sukan zo da sharaɗin cewa ba za a yi gini a filin ba sai da zanen da hukuma ta amince da shi. Ka ga ke nan alkawari ne ka ɗauka tun ranar da ka karɓe ta. Mutumin kirki kuwa da cika alkawari aka san shi.

Wa za ka nema? A wasu ƙasashe, kamar Ingila, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gini. A biranenmu hukumar tsara birane ta jiha ce. A Kano ana ce mata KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da gwamnatin Legas ta shigar, cewa wannan hurumin jihohi ne. Shi ya sa abin da abokinka ya yi a Zariya ba lalle ya yi maka aiki a Kano ba. Kada ka gina ɗaki a kan "an ce". Je ka ofishin da ƙafarka. Zuwa da kai ya fi aike.

Kada ka ɗauka neman izinin nan wahalar da talaka ce kawai. Akwai abin da ake dubawa, kuma don kai ake duba shi. Na farko fandisho. Gidan da aka haƙa wa fandisho don ya ɗauki rufin kwano, ba a ɗora masa bene don kawai an sami kuɗin siminti da rodi. Bango ba ya magana, sai ranar da ya gaji. Idan sama za ka hau, sai injiniya ya tona gefen ginin ya gani da idonsa. In an zuba kankaren benen kuma, a ba shi lokacinsa, ana yi masa ban ruwa. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Magini mai sauri zai ce maka ai ya bushe. Bushewa daban, ƙarfi daban.

Na biyu, ina ɗakin zai zauna? Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da faɗi a baki, amma da ka cire ginin da ke akwai, da zaure, da kicin, da makewayi, abin da ya rage kaɗan ne. Sai ka ga mutum ya ɗora ɗaki a kan ramin sokawe, don nan ne kaɗai sarari. Ranar da ya cika, ta ina za a kwashe? Wani ya toshe hanyar ruwa, damina ta zo, ruwa ya rasa mafita sai cikin ɗakin maƙwabci. Wani ya ɗan ci hanya, taku biyu kacal, na kusa da shi ma ya ci nasa. Bayan shekaru sai lungu ya ƙi karɓar mota, ko ta kashe gobara, ko ta ɗaukar mai naƙuda. Wani kuma ya matsa har ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Matsi ne ya sa su, da rashin wanda zai ce musu a dakata.

Ka kuma tausaya wa tsakar gida. Nan uwargida take shanya, nan ake girkin suna, nan yara suke rarrafe, nan ake shimfiɗa tabarma a watannin zafi. Idan sabon ɗaki ya cinye ta, ya kuma rufe tagar tsohon, ka sami ɗaki ɗaya ka lalata biyu. Ka shawarci maiɗakinka tun kafin a ja layi. Ita take wuni a gidan, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maƙwabci. Tun kafin ka je ofis, shiga wurinsa ka yi sallama. Faɗa masa abin da kake shirin yi. Ku duba katanga tare, ta wa ce, kuma ina iyaka ta tsaya. Ka tabbata indararonka ba zai zuba a gidansa ba, tagarka kuma ba za ta leƙa tsakar gidansa ba. Sirrin iyalinsa amana ce a wuyanka. Yawancin ƙarar da ake kaiwa gaban mai unguwa a kan gini, gaisuwar safe ɗaya da ta kashe ta tun ba ta tashi ba.

In ka tashi zuwa hukuma, tafi da takardun filinka da zanen da mai zanen gini mai rajista ya yi ya sa hatiminsa. In bene ne, a haɗa da lissafin injiniya. Za su zo su ga wurin, su faɗa maka abin da za ka biya. Ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ka karɓi rasit. Za ka gamu da mai ce maka kawo wani abu a rufe ido. Yi masa godiya ka wuce. Wanda ya rufe ido yau, gobe za a yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma da jan fenti zai zo. A ranar ba ka da abin nunawa. Idan filinka awon igiya ne, takardarka ta ciniki ce kawai da sa hannun shaidu da mai unguwa, kada kunya ko tsoro su hana ka. Dubban mutanen kirki a haka suke zaune. Tambayi ma'aikatar ƙasa yadda ake daidaita takardu, ka fara bi sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga maganar da ba kowa zai faɗa maka ba. Kuɗin da ka zuba a ɗaki ba shi ne darajar da ya ƙara wa gida ba. Mu ƙaddara ka kashe naira miliyan 3. Ba dole ba ne gidan ya ƙaru da miliyan 3. Yana iya fin haka, yana iya kasawa. Mai saye ba ya tambayar buhu nawa na siminti ka saya. Abin da yake dubawa unguwa, da hanya, da ruwa, da tsarin gida, da takardu. Kowace unguwa kuma tana da inda farashinta yake tsayawa. Ko ka shimfiɗa tayil har bango, mai kuɗin da zai biya wannan ƙawa wata unguwar yake nema.

Akwai masana ƙiyasta darajar gidaje da filaye, kuma tun 1975 doka ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. Aikinsu daban yake da na dillali. Dillali ya san kasuwa, kada ka raina shi, amma la'adarsa tana tare da ciniki. Shi mai ƙiyasi rahoto yake rubutawa ya sa hannu da hatimi. Yakan duba nawa aka sayar da gidaje irin naka a kusa. Yakan duba hayar da gidan zai iya kawowa a shekara. Wani lokaci yakan lissafa abin da za a kashe a sake gina irinsa, ya cire tsufa, ya haɗa da kuɗin fili. Ka nemi shawararsa kafin gini. Yana iya ce maka ɗaki mai banɗaki a ciki ya fi ƙananan ɗakuna biyu amfani, ko kuma ciki da falo mai ƙofar waje zai fi kawo haya. Kuɗin shawarar kaɗan ne a kan kuɗin rushewa.

A nan ne izini da daraja suke haɗuwa. Ɗakin da ba ya cikin zanen da aka amince da shi, mai saye mai wayo zai rage maka kuɗi saboda shi. Banki in za ka jinginar da gida yakan nemi zanen da rahoton mai ƙiyasi, ya gwada su da abin da ke ƙasa. Idan kuma wata rana aikin hanya ya biyo ta kan gidan, diyya a kan ginin da ke wurin ake lissafa ta, kuma ginin da ba shi da izini sau da yawa ba a biyan ko kwabo a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana.

Saura abu ɗaya, shi ya fi taɓa min zuciya. Idan a gidan mahaifinka za ka yi ɗakin, ko a gidan gado da ba a raba ba, ka tsaya. Yau kowa yana murna, ana cewa Allah Ya yi maka albarka. Amma rai na Allah ne. Ranar rabon gado za a yi wa gida kuɗi gaba ɗaya, sai tambaya ta taso: ɗakin nan kyauta ka yi wa gida, ko naka ne, ko bashi ne za a fitar maka? Zumunci da yawa a kan wannan tambaya ya tsinke, tsakanin 'yan ɗaki ɗaya masu ƙaunar juna. Ku zauna tun mahaifi yana da rai da lafiya. A kira 'yan'uwa maza da mata, a kira malami da shaidu, a rubuta abin da aka yarda. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu, don a tsare zukata daga zato.

To, ka bi abin daki-daki. Fara da iyalinka, sai maƙwabci, sai mai zane da mai ƙiyasi, sai hukuma, magini ya zo a ƙarshe. In an gama, haɗa izinin da zanen da rasit da takardar shaidu a wuri ɗaya. Yi musu kwafi, ka nuna wa maiɗakinka da babban ɗanka inda suke. Wata rana su ne za su amsa tambaya a madadinka, ka bar musu amsa a hannu. Allah Ya sa a gama lafiya, Ya sa ɗakin alheri ne gare ka da zuriyarka.