Amfani da Kundin Ɗan-aike wajen Nazarin Dajin Kamuku

Ma'anar Kundin Ɗan-aike

Manyan rumbunan bayanai na intanet suna da ƙofa ta musamman wadda manhajoji ke ƙwanƙwasawa su nemi abin da suke buƙata. Ƙofar tana da ƙa'idoji masu tsauri game da yadda za a tsara roƙo da yadda za a tabbatar da mai roƙon. Kundin ɗan-aike tarin umarni ne da aka riga aka rubuta domin ɗauke wa mai nazari wannan ɗawainiya. Shi ke tsara roƙon, ya kai, ya dawo da amsa a siffar da za a iya sarrafawa. Mun zaɓi kalmar ɗan-aike maimakon dillali, domin dillali yana da tasa riba a ciniki, shi kuwa wannan saƙo kawai yake kaiwa.

Misali daga Birnin Gwari

Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936, aka kuma mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, inda doka da kaɗanya da maje suka yawaita. A shekarun da 'yan bindiga suka yi sansani a cikinsa, shiga don ƙidayar itatuwa ya zama sayar da rai. Amma taurarin ɗan'adam na Landsat ba su daina ɗaukar hotonsa ba.

A 2013 Matthew Hansen da abokan aikinsa na Jami'ar Maryland a Amurka suka fitar da taswirar raguwar dazuzzukan duniya daga waɗannan hotuna. An ajiye taswirar a rumbun Google Earth Engine, wanda ke da kundin ɗan-aike a harshen kwamfuta na Python, mai suna ee.

Da farko mai nazari zai yi rajista ya sami izinin shiga. Sannan ya zana iyakar dajin da lambobin taswira, ya ambaci sunan taswirar Hansen, ya nemi jimlar filin da ya rasa itatuwa a kowace shekara. Abin lura a nan shi ne, lissafin ba a kwamfutarsa ake yin sa ba. Kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar fili mai kimanin mita 30 tsawo da faɗi, wato Kamuku kaɗai ya haura ɗigo miliyan ɗaya. Kwamfutocin rumbun ne ke tara su, ɗan-aike ya dawo da 'yan lambobi kaɗan. Ga ɗalibin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Karanta Amsa

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Shekarar asara ba ta zuwa a cike: lamba 1 tana nufin 2001, lamba 15 tana nufin 2015, sifiri kuma yana nufin ba a ga asara ba. Haka kuma taswirar ba ta ɗauki tsiro a matsayin itace ba sai ya wuce mita 5. A dajin da itatuwa ke tsaye jefi-jefi irin na ƙasar Hausa, mai yin gawayi zai iya tsame manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗigon ya sauya ba. Uwa-uba, lambar ba ta faɗin dalili. Ko gobara ce, ko sabuwar gona, ko saran katako, sai an tambayi manoma da mafarautan yankin. Malamin da ya kai wa ajinsa lambar tsurarta, rabin darasi ya koyar.

Jinga

Rubuta sakin layi biyu da daidaitacciyar Hausa kana bayyana wa ɗan aji uku na ƙaramar sakandare aikin kundin ɗan-aike, ba tare da aron kalmar da iyayensa ba za su gane ba.