Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin Balan-balan na Sojan Ruwa

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: yaya jirgin balan-balan na sojan ruwa yake tashi, kuma wane aiki yake yi a teku?

To Malam, ba fukafuki ke ɗaga shi ba. Ƙatuwar jaka ce da ake cika da iskar hiliyam, wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, sai ta ɗaga shi kamar yadda ƙwarya ke tasowa a kan ruwa. A cikinta akwai ƙananan jakunkuna na iskar gari. Idan aka ƙara musu ko aka rage, jirgin ya riƙe siffarsa, hancinsa ya ɗaga ko ya sunkuya. Injina biyu masu farfela ke tura shi, ma'aikata kuwa suna cikin ɗakin da ke maƙale a ƙarƙashinsa.

Amurka ce ta fi cin moriyarsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Goodyear ya ƙera mata jirage samfurin K, suna rakiyar ayarin jiragen kaya, suna farautar jiragen Jamus masu nutso. Abin mamaki, rashin saurinsa shi ne amfaninsa: yakan wuni ya kwana a sama yana leƙen ruwa da radar, ga bama-bamai a shirye. Duk da haka, a Yulin 1943 jirgin nutso U-134 ya harbo K-74 kusa da Florida.

Guguwa ce babbar abokiyar gabarsa. Ita ta hallaka ƙaton jirgin balan-balan mai suna Akron a 1933, mutum 73 suka mutu. A 1962 rundunar sojan ruwan Amurka ta jingine jiragen.