Na'ura Ta Zama Fuskar Banki

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A da, idan mutum ya shiga banki, akawu ne ke tarbarsa, kuma da halin akawun nan yake auna bankin. Yau kuwa na'ura ce ke tarbar mutum, watau na'urar cire kuɗi, da POS, da lambobin da ake dannawa a wayar salula. Saboda haka ya kamata mu duba yadda waɗannan na'urori ke sa mutum ya so kamfani ko ya ƙi shi.

Da farko, na'ura ta rage wahala. Manomin shinkafa na Bakura ko Maradun, wanda ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori da aka gama a 1978, yakan kai amfaninsa kasuwar Talata Mafara ran Talata. In ya sayar, ba sai ya ɗauro damin kuɗi a lalita ba. Mai saye ya tura masa, saƙo ya shigo wayarsa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Ga hanyoyinmu yadda suke, wannan ba ƙaramar kariya ba ce.

Na biyu, idan na'ura ta ƙi aiki, kamfani ne ke shan zargi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Da yake POS da layin waya take aiki, sai ta zama kurma, mai kuɗi a banki ya koma neman rance. Haka kuma a farkon 2023, bayan an canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Jama'a suka yi caa a kan tura kuɗi ta waya, na'urori suka kasa ɗaukar nauyin. Sai ka ga an cire wa mai saye kuɗi, ba su isa ga mai kaya ba, ana ta rantse-rantse a tsakiyar kasuwa.

Ni ma na ga irin wannan. Ranar da mahaifina zai ba ni guzurin komawa makaranta, na'urar wani banki ta cire masa kuɗi amma ba ta ba shi ko kwabo ba. Ya kira lambar bankin, murya ta yi ta magana da Turanci, tana cewa danna ɗaya, danna biyu. Sai da ya yi sawu uku kafin wani ma'aikaci ya saurare shi da Hausa. Alhali kuwa tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarni a mayar da irin wannan kuɗi cikin awa 48 ko ƙasa da haka. Da kuɗin suka dawo, ya rufe asusunsa, ya koma wani banki.

Daga ƙarshe, ina ba kamfanoni shawara su sa na'urorinsu su yi magana da harshen jama'a, su kuma ajiye mutum mai fara'a wanda za a kai wa kuka. Mu kuma 'yan makaranta, mu koya wa iyayenmu ajiye rasit da ɓoye lambar sirri. Allah ya sa mu dace, amin.