Yadda Ake Mayar da Yuraniyom Wutar Lantarki

Da an ce nukiliya, bam ne ke fara faɗo wa yawancinmu a rai. Amma tashar wutar nukiliya aikinta tafasa ruwa ne. Tururin ruwan shi ke juya farfela, farfelar ta juya janareta, wuta ta fito, kamar dai tashar da ke ƙona kwal ko iskar gas. Bambancin yana ga abin da ke ba da zafin, da irin dabarar da ake yi a riƙe shi.

Aikin daga rami yake farawa. A Arlit, cikin jihar Agadez, tun 1971 ake haƙo dutsen yuraniyom. Ana niƙa shi, a jiƙa da sinadari, a tace, har a sami wani gari mai launin rawaya da ake durawa a ganguna. Wannan garin bai isa sa wa a tasha ba tukuna. Yuraniyom iri-iri ne, kuma wanda ke saurin fashewa, mai lamba 235, bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka haƙo ba. Sai a mayar da shi iska, a yi ta juya shi cikin injinan da ke gudu fiye da ƙima, mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya taru a tsakiya, har ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Wannan shi ne inganta yuraniyom da muke ji a labarai. Na bam sai ya kai wajen kashi 90, shi ya sa tukunyar tasha ba ta iya tashi irin tashin bam.

Daga nan a curo shi ƙanana-ƙanana, a gasa su yi tauri. Kowane ɗaya baƙi ne, bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, amma zafin da zai bayar ya kusan na tan guda na kwal. Ana jera su cikin siraran bututan ƙarfe masu tsawon kusan mita 4, a ɗaure bututan dami-dami, a tsoma su cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da ruwa, a rufe ruf.

A cikin tukunyar nan ba a ƙyasta ashana, babu harshen wuta, babu hayaƙi. Wani ɗan ƙanƙanin abu da ake kira nutiron shi ke dukan ƙwayar zarra ta yuraniyom, ta rabe biyu, ta saki zafi, ta kuma saki wasu nutiron biyu ko uku. Su ma su doki na kusa da su, haka abin zai yi ta bi. Gwanintar masu tasha ita ce su tabbatar cikin waɗannan biyu ko ukun ɗaya tak ne ya sake fasa wata ƙwaya. In ya gaza haka wutar ta mutu, in ya zarce ta fi ƙarfin mai ita. Linzamin da suke riƙe ta da shi wasu sanduna ne da aka yi da sinadarai masu shanye nutiron, irin su boron. A zura su cikin damman, zafi ya ragu. A ɗaga su, ya ƙaru. Ruwan ma yana da nasa aikin: shi ke rage wa nutiron gudu, don mai tsananin gudu wucewa yake yi bai fasa komai ba.

Duk direban da ya taɓa buɗe murfin lagireto da zafinta ya san ruwan da aka matse yakan wuce zafin tafasa bai tafasa ba. A irin tukunyar da ta fi yawa a duniya, ruwan yakan haura digiri 300, an danne shi da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150. Wannan ruwan ba ya fita daga ginin tukunyar. Yana bi ta cikin dubban bututai ne, ya ɗumama wani ruwan daban da bai taɓa yuraniyom ba, shi kuma ya tafasa ya zama tururi. Tururin ya bugi farfela, ta juya maganaɗisu cikin naɗin wayar tagulla, wuta ta hau layi. Sai a sanyaya tururin da ruwan teku ko na kogi, ya koma ruwa, a sake zagayowa. Farin abin da ake gani yana tashi daga manyan hasumiyoyin tasha tururin ruwa ne kawai.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne bayan an kashe tukunyar. Uwargida ta san in ta janye itace daga murhu, garwashi na nan da zafinsa. Haka tukunyar nan: ko an zura sandunan gaba ɗaya, ragowar abin da ya fashe yana ci gaba da fitar da zafi, dole famfo ya ci gaba da kai ruwa. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ke nan a 2011. Tukwanen sun kashe kansu da girgizar ƙasa ta zo, amma igiyar ruwa ta cinye janaretocin da ke juya famfunan, man yuraniyom ɗin ya narke. Man da ya gama aiki ma sai ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa kafin a kulle shi cikin ƙarfe da kankare, gubarsa kuwa takan kai dubban shekaru.

Faransa, wadda a baya ta daɗe tana ɗaukar yuraniyom ɗin Arlit, tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta ta wannan hanya. A Afirka kaf, tashar nukiliya ɗaya ce ke ba da wuta, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984, sai wadda Masar ke ginawa a El Dabaa. Ƙaramar tukunyar da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta bincike ce, ba ta ba da wutar lantarki.