Ko Kwaɗo Yana Jin Sanyi?

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Nok, lokacin hunturu ne. Ran nan da safe yara duk sun takure, sai wani ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, yaya kwaɗo ke kwana cikin rafi, ga sanyi haka? Shi ba ya jin sanyi ne?" Na rasa ta cewa, kunya ta kama ni, na ce ya dakata sai gobe. To, ga abin da na samo, ko zai amfani 'yan'uwana ɗalibai.

A bakin jijiyoyin fata akwai waɗansu ƙofofi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In ɗaya ta buɗe, sai saƙo ya ruga zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin 1997 wani masani a Amurka, David Julius, ya gano ƙofar zafi, wadda ake kira TRPV1. Takan buɗe in zafi ya kai kamar digiri 43. Barkono, da cittar da iyayenmu ke nomawa a ƙasar Jaba, su ma sukan buɗe ta. Shi ya sa baki ke yin zafi ba tare da wuta ba. Cikin 2002 aka gano ta sanyi, watau TRPM8. Saboda irin wannan aiki Julius da Ardem Patapoutian suka sami kyautar Nobel a 2021.

Cikin 2009 Julius da abokan aikinsa suka gwada ƙofar sanyi ta kaza da ta ɓera da ta wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka mai suna Xenopus, ɗan'uwan waɗansu da ke cikin kududdufanmu. Ta kaza ta buɗe sosai wajen digiri 29, ta ɓera wajen 24, ta kwaɗo kuwa sai da aka sauka wajen 14.

Dalili kuwa shi ne, kaza da ɓera jikinsu ke ba su ɗumi, amma jikin kwaɗo ruwan da yake ciki yake bi. Asalin ƙofar ɗaya ne, amma cikin miliyoyin shekaru, zuriya bayan zuriya, waɗanda tasu ta dace da mazauninsu su suka fi rayuwa da haihuwa. Kifaye da yawa ma sun rasa wannan ƙofa ɗungum, ta wata hanya suke jin sanyi.

Ashe kwaɗo yana jin sanyi, sai dai ma'auninsa dabam ne da namu. Wannan sauyi kuwa ba ya yin sauri. In muka sassare itatuwan bakin rafi, rana ta ɗumama ruwan cikin 'yan shekaru, mazaunansa ba za su iya gyara ma'auninsu nan da nan ba.

Kashegari na kawo kwano uku: ruwan ɗumi, da na randa, da na tsaka-tsaki. Yaron ya tsoma hannu ɗaya a na ɗumi, ɗaya a na randa, sa'an nan ya sa duka biyu a na tsakiya. Ya zaro ido, ya ce, "Malam, hannuna sun yi gardama!" Ku gwada da naku yaran.